Ku Tambayi Kawu: Cin Hunturu A Motar Tafi-Da-Gidanka

Tun da ganye ya fara zuba a arewacin Amurka da Kanada wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma kan magana ɗaya, wato yadda mutum zai ci hunturu a cikin motar tafi-da-gidanka, irin motar nan ko tirelar da aka yi wa gado da kicin da ban-ɗaki. Na tsamo shida daga ciki. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya karanta na sauran, da wuya bai tsinci amsarsa a ciki ba. Sababbin masu karatu kuwa su sani ni bakanike ne. Gyaran hita da bututun ruwa na irin waɗannan motoci shi ne sana'ata, kuma a cikin guda na zauna a shekarun da haƙar mai ta kwaso jama'a zuwa Dakota ta Arewa.

Tambaya: Kawu, assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Minesota. Kuɗin haya ya fi ƙarfina, sai wani ya yi mini tayin tsohuwar tirela mai ɗaki, an liƙa mata tambarin cewa ta dace da kowane yanayi na shekara. Ina so in saya in kafa ta a filin da ake ajiye irinsu. Za ta fisshe ni hunturu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da cire wannan tambari daga lissafinka. Babu hukumar da ke auna mota ta ce ta cancanci a rubuta mata haka. Kamfanin da ya ƙera ne ke liƙawa, kuma kowane kamfani da abin da yake nufi. Yawancin waɗannan motoci don yawon shaƙatawa lokacin zafi aka yi su. Kaurin bangon bai cika wuce inci 2 ba, sau da yawa ƙashinsa na alminiyom ne, mai jawo sanyin waje ya kawo shi har gefen gadonka, gilashin taga kuma falle ɗaya. Minesota kuwa ba wurin wasa ba ce. A Janairu ma'auni kan sauka ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, arewacin jihar ma ba a magana.

Ranar da za ka je ganinta ka tafi da tocila da tsohuwar riga, don kwanciya za ka yi a ƙasa ka leƙa ƙarƙashinta. In ka ga tankuna da bututu a fili, iska na kaɗa su, to ba ta hunturu ba ce, ko me aka rubuta a jikinta. In an rufe ƙasan da faranti, ka bincika ko akwai bututun iska mai ɗumi da ya taso daga babbar hita ya sauka wurin tankunan. Ka sa a kunna hitar a gabanka, ka jira har ta kashe kanta ta sake kamawa. Ka danna bango da silin a kusurwoyi da gefen tagogi. Duk inda ya lotsa, ruwa ya taɓa shiga, katakon ciki ya ruɓe.

Ga kuma lissafin da mai tayin ba zai yi maka ba. Babbar hitar waɗannan motoci gas ɗin furofen take sha. Matsakaiciya takan ci BTU (ma'aunin yawan zafi) 30,000 a awa, galan ɗaya na furofen kuma yana ɗauke da kusan 91,500. Ke nan galan guda awa 3 ne in wuta na ci ba tsayawa. Ƙaramar tukunyar gas mai cin kilo 9, wadda ba ta cika galan 5 ba, abin da za ta ba ka bai wuce awa 14 na wuta ba. A tsakiyar sanyi hitar ba ta cika hutawa ba, sai ka ga tukunya guda ta tafi cikin yini da kwana. Ka tambayi farashin gas a garinku, ka ninka da kwanakin da ke tsakanin Nuwamba da Maris, ka ɗora kuɗin fili da na lantarki a kai, sannan ka ajiye jimlar kusa da kuɗin hayar da kake gudu. Na ga waɗanda suka gudu daga haya suka ƙare suna biyan abin da ya kusa kamo ta, ga sanyi a sama. Masu zaman dindindin ba sa wahalar da kansu da ƙananan tukwane. Hayar babban tanki mai galan 100 suke ɗauka wurin dillalin gas, motarsa ta riƙa zuwa tana cikawa.

Filin ma abin dubawa ne. Da yawa a jihohin arewa sukan rufe daga wajen Oktoba sai bazara, wasu da ba su rufe ba kuma sukan yanke ruwa. Kada kuɗinka su fita sai takardar fili na hannunka. Kada kuma ka ce za ka raɓa a gefen titi ko a farfajiyar kanti. Garuruwa da yawa sun haramta kwana a mota, kuma tun hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2024 a shari'ar birnin Grants Pass, hukumomin birane sun ƙara samun damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Ɗalibi baƙo bai kamata ya tara wa kansa takardun tara ba.

In tirelar ta ci wannan jarrabawa, fili kuma ya samu, za ta fisshe ka, amma kullum da aikin da za ta ba ka, kai kuwa karatu ya kawo ka. Da ni ne kai, ɗaki zan nema in raba haya da wani.

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, an ba ni kwantiragin wata uku a Montana, ina zaune a motata. Shekaranjiya na tashi na murɗa famfo, ko ɗigo babu. Maƙwabcina ya ce in riƙa barin famfo yana ɗiga da dare kamar yadda ake yi a gidaje. Haka ne?

Amsa: Ƙanwata, maƙwabcinki alheri ya nufa, amma shawararsa ta mai gidan gini ce. A gida ruwan da ke ɗiga yana bin bututun da aka binne can ƙasa, inda sanyi ba ya kaiwa. A motarki wuri biyu kawai zai je. Ko ya taru a tankin ruwan wanke-wanke har ya cika ya dawo miki ta wurin wanka, ko kuma, in kin bar bawul a buɗe, ya riƙa tsiyaya cikin tiyon ƙazanta da ke shimfiɗe a waje, yana daskarewa falle kan falle har ya toshe shi ruf.

Mu fara da na yau. Ki kashe injin tura ruwa, ki rufe famfon waje, ki buɗe famfunan ciki. Ki ƙara wa babbar hita wuta, ki wangale ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da na ban-ɗaki don ɗumi ya kai ga bututu. Inda ya fi saurin daskarewa shi ne tiyon waje, da bakin da ya haɗu da jikin mota, da duk wata lanƙwasa da ta jingina da bangon waje. Handiraya ta isa ta narkar, da haƙuri. Kada ki kusanto da harshen wuta ko wane iri ne.

Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Bututun roba na zamani yakan buɗa ya koma, amma mahaɗansa da injin ruwa da bawul ɗin masai da tankin ruwan zafi ba su da wannan haƙuri, tsagewa suke yi. Tsagar kuwa ba ta nuna kanta sai ƙanƙara ta narke. Saboda haka kada ki narkar ki wuce aikin dare. Bayan ruwa ya dawo, ki rufe duk famfuna ki kunna injin ki saurara. In ya yi ƙara ya yi shiru ya zauna shiru, lafiya lau. In yana tashi jefi-jefi alhali ba wanda ya taɓa famfo, akwai yoyo a wani lungu, a nemo shi kafin ya jiƙa katakon daɓe.

Daga nan gaba, ki daina barin tiyo a haɗe. Ki cika tankin ruwan motarki da rana, ki cire tiyon, ki zazzage shi, ki shigo da shi ciki. Akwai tiyo mai wayar ɗumi a jiki da ake jonawa a lantarki, yana da kyau, sai dai mutane kan manta cewa kan famfon filin shi ma yana son a naɗe shi. Tankunan ƙazanta guda biyu, na wanke-wanke da na masai, a bar bawul ɗinsu a rufe. Ruwa mai yawa ya fi kaɗan jinkirin daskarewa, don haka sai sun kusa cika ki juye, da tsakar rana, na masai da farko, na wanke-wanke ya biyo ya wanke tiyon, sannan ki ɗaga shi ya tsane. Bayan juyewa ki zuba ɗan maganin hana daskarewa irin na waɗannan motoci, mai launin hoda. Kada ki yarda a ba ki na lagireto. Wancan guba ne, yana kashe mutum da dabba, ba shi da gurbi kusa da ruwan amfani.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne a yi wa motar shinge daga gefenta zuwa ƙasa, zagaye. Iska ba za ta sa bututu ya fi yanayin waje sanyi ba, amma tana kwashe ɗumin da ke ƙarƙashin daɓe nan da nan. Allunan kumfa masu tauri da ake sa wa bangon gini sun fi komai sauƙi. A yanka, a jera, a liƙe mahaɗa. Wasu kan jera damman ciyawa, ni dai ban yarda da su ba, domin ɓeraye na son su, wuta ma haka. Ki sayi ma'aunin zafi mai ɗan kunne da ake ajiyewa a nesa, ki jefa kunnen ƙarƙashin motar, ki riƙa karanta abin da ke faruwa can daga kan gadonki. In za ki fita aikin awa 12 kada ki kashe hita don tsimi, ki bar ta a wajen digiri 12.

Akwai kuma hanyar da na fi so ga mai zaman wata uku irinki. A hure ruwan bututu gaba ɗaya da iska, a zuba maganin nan mai launin hoda, a rufe babin famfo har bazara. Ki riƙa ajiye jarkoki biyu a ciki, wanka ki yi a wurin aiki ko gidan motsa jiki. Akwai takura, amma za ki yi barci ba tare da kina tunanin bututu ba.

Tambaya: Malam, ni da maiɗakina muna cikin ƙaramar mota a tsaunukan Kolorado. Don mu rage kashe kuɗi mun liƙe duk wata kafa da salatif, har da ta rufi, muka sayi ƙaramar hita mai kwalbar gas muna kunnawa a ciki. Ɗumi ya samu, amma bango da tagogi kullum sharkaf, ƙasan katifa ya fara baƙi. Kwanan nan kuma mukan tashi da ciwon kai, ita har da tashin zuciya. Danshin ne ke jawo haka?

Amsa: Wannan wasiƙa ban jira fitowar mujalla ba, na amsa wa mai ita ranar da ta iso. Na sa a buga ta ne saboda na san ba shi kaɗai ba ne.

Ɗan'uwa, ka kashe hitar nan, ku buɗe ƙofa, ku tafi asibiti ku gaya musu kuna zargin iskar kabon monoksaid. Mutum biyu a ɗaki ɗaya su riƙa tashi da ciwon kai tare, ya lafa in sun fita waje, ba danshi ake fara zargi ba. In maiɗakinka na da juna biyu, ka faɗa musu tun a bakin ƙofa, domin wannan iska ta fi yi wa abin da ke ciki illa.

Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji in gas na yoyo, wani sinadari ne da ake ƙara wa furofen da gangan don a ankara. Ita wannan ba mai ƙara mata komai. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, mai barci kuma ba ta tashinsa, ƙara nutsar da shi take yi. Ku da kuke kan tsauni abin ya ninku, saboda iskar can ba ta da kauri, wuta ba ta ƙona gas sosai. A Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya kayar da lantarkin jihar Tekzas, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Cikinsu akwai waɗanda ba ɗari ya kashe su ba, abin da suka kunna don gudun ɗari ne: janareta kusa da ɗaki, mota a gareji, gawayi a falo.

Babbar hitar da aka ƙera motar da ita tana ƙona gas ne a cikin akwati rufaffe. Iskar ƙonawa daga waje take shigowa, hayaƙin ya koma waje, ɗumi kaɗai fanka ke turo muku. Ƙaramar da ka saya kuwa iskar da kuke shaƙa take ci, duk abin da ta fitar kuma a cikin ɗakin yake zama. A nan danshinku ya samo asali. Kilo ɗaya na furofen in ya ƙone yana haifar da ruwa kusan lita 1.6, a matsayin tururi. Ka haɗa da numfashin mutum biyu dare guda, da girki, da jiƙaƙƙen takalmi, ka kuma liƙe duk wata kafa. Tururin ba shi da mafita sai ya nemi wuri mafi sanyi ya koma ruwa: gilashi, ƙashin bango, ƙasan katifa. Ciwon kanku da baƙin katifarku tushensu ɗaya.

Ka ɓare salatif ɗin nan daga kafar rufi. Ka bar ta a buɗe kamar faɗin yatsa biyu dare da rana, da wata taga a ɗaya ƙarshen motar, ita ma kaɗan. Na san zuciya ba ta son ta ga ɗumin da aka saya da kuɗi yana fita, amma iskar hunturu busasshiya ce, ita ce ke kwashe laimar, kuma ɗaki busasshe ya fi jiƙaƙƙe daɗin zama ko da ma'auni bai motsa ba. In ana girki a kunna fankar fitar da tururi. Kowace safiya a goge tagogi, tsumman a shanya shi a waje. Katifa a ɗora ta kan katakai masu tazara don iska ta bi ƙasa. Wadda fumfuna ta riga ta ci cikinta, a yar. Tufafi kada su jingina da bangon kabad. In akwai lantarki, na'urar tsotse laima za ta taimaka, a nemi ma'aunin laima ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50.

Na'urorin gargaɗi uku ake so, kowace da mazauninta. Ta hayaƙi a silin, ta kabon monoksaid kusa da wurin kwana, ta yoyon gas can ƙasa kusa da daɓe, tunda furofen ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi. Suna tsufa, akwai kwanan wata a bayan kowace, ka duba. Murhun girki da tanda ba hita ba ne. Gawayi ba ya shiga mota, ko ya daina hayaƙi. Janareta nesa da taga, kuma ba a sa shi ƙarƙashin shinge. Duk safiyar da dusar ƙanƙara ta sauka, aikin farko shi ne a zagaya a share bakin bututun hayaƙin hita da na tankin ruwan zafi da salansar mota.

Ga ƙaramar mota irin taku, abin da ya dace shi ne hitar dizal, irin wadda kamfanonin Jamus, Webasto da Eberspächer, suka yi suna a kanta, direbobin manyan motoci ke kwana da ita. Mai ƙarfin kilowat 2 abin da take sha bai cika wuce rubu'in lita a awa ba, hayaƙinta waje yake fita, ɗuminta busasshe ne. Sai dai wanda ya san aikin ya ɗaura, ya kuma daidaita ta da tsayin wurinku, in ba haka ba baƙin hayaƙi zai toshe ta kafin Fabrairu.

Tambaya: Kawu, ina aikin gini a Alberta ta Kanada, inda muka kafa babu lantarki. Hitata tana aiki lafiya da yamma, amma wajen ƙarfe uku na dare sai fanka ta riƙa juyawa ba wuta. Tukunyar gas kuma ba ta ƙare ba. Ina matsalar?

Amsa: Ɗana, na fi zargin batir. Hitar gas ce, amma fankarta da ƙwaƙwalwarta batir mai bolt 12 suke sha, fankar takan ja amp 5 zuwa 10. A cikinta akwai wani ɗan harshe da iskar fanka ke turawa. Sai ya turu sannan gas ke buɗewa, don kada wuta ta kama babu iska. In batir ya yi rauni fanka za ta juya, amma ba da ƙarfin da zai tura harshen ba. Batir mai ruwan asid wanda aka rubuta wa 100Ah a jiki, wato yawan cajin da yake ɗauka, rabi ne naka in kana son ya daɗe, sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri kuma yana ƙwace kusan rabin ƙarfinsa. Ka ga inda ƙarfe ukun ya fito. Mafi muni, batirin da ya sauka ruwansa kan daskare ya fasa akwatin, alhali cikakke yana jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Ka cika shi kowace yamma da janareta, ka ƙara na biyu. Farantin sola kada ka dogara da shi a Disamba a can: rana gajera ce, a kwance take, dusar ƙanƙara kuma na rufe shi. In za ka koma batirin litiyum, ka sani ba a yi masa caji in sanyinsa ya kai sifiri, lalacewa yake yi. Ko ka ajiye shi cikin ɗaki, ko ka sayi mai ɗumama kansa.

In batir ya wanke kansa, sai mu koma kan tukunya. Furofen ruwa ne a ciki, sai ya zama iska yake fita, kuma a digiri 42 ƙasa da sifiri ya daina zama iska. Alberta kan leƙa kusa da nan. Tun kafin a kai can ƙarfin turawarsa ke raguwa, musamman a ƙaramar tukunyar da ta yi ƙasa. In ka ga farar ƙanƙara ta yi ɗamara a jikinta, ta gaza ke nan. Babbar tukunya, a cike, a kāre daga iska, ita ce magani. Masu karatu da ke Turai su lura da abin da suke saye: gas ɗin butan tun daga wajen sifiri yake yin shiru, ba na hunturu ba ne.

Tambaya: Malam, a filinmu kuɗin lantarki na cikin kuɗin haya. Me zai hana in kashe hitar gas in yi amfani da ta lantarki kaɗai?

Amsa: Abu biyu, malama. Hitar lantarki ɗakin take ɗumamawa, ba ta kai wa tankuna da bututun da ke ƙarƙashin daɓe. Ta ma hana babbar hitar tashi, tunda na'urar daidaita zafi ta ga ɗaki ya yi ɗumi. Sai ki kwana cikin jin daɗi ki tashi ba ruwa. Muddin waje ya sauka ƙasa da sifiri, ki bar babbar tana kamawa lokaci-lokaci, ta lantarki ta zama mataimakiya.

Na biyu wayoyi. Motar da ke kan layin amp 30, duk abin da za ta iya ɗauka wat 3,600 ne. Hita guda mai wat 1,500 tana jan amp 12.5. Biyu da tankin ruwan zafi, wuta ta yanke. Soket ɗin waɗannan motoci kuma ba a yi su don jan wuta mai nauyi dare guda ba. Ki jona kai tsaye a bango, ban da wayar ƙari, ki sa ta a rabin ƙarfi, mita guda tsakaninta da labule da bargo. In kin taɓa filogi kin ji zafi, ki cire. Ki kuma riƙa gwada tagar gudun gobara, tana daskarewa ta ƙi buɗuwa.

Tambaya: Malam bakanike, na yi ritaya, ina Manitoba ta Kanada, ina da babbar mota mai shan dizal. 'Ya'yana sun ce in daina wahala in gangara kudu kamar yadda tsofaffin nan ke yi. Me ka gani?

Amsa: Ranka ya daɗe, yaran sun yi gaskiya. Taya aka sa wa gidan nan, kai kuma ba aikin da ya ɗaure ka. Dubban masu irin motarka suna taruwa duk hunturu a hamadar Arizona, musamman kewayen garin Quartzsite. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta ware wuraren dogon zama a can, ana yankar izini na kaka guda, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A yawancin sauran filayenta zama kyauta ne, amma kwana 14 sai a matsa gaba. Kafin ka tashi ka bincika kwanakin da za ka iya yi a Amurka a matsayin baƙo, da kwanakin da inshorar lafiya ta lardinku ta yarda ka yi a waje, ka kuma sayi inshorar tafiya, don asibitin can ba ya sassauci.

Ka tashi da wuri, kafin hanyoyi su yi santsi. In sanyi ya riga ka, ka yi tafiyar da bututu a bushe, sai ka kai inda ya sassauta ka zuba ruwa. Dizal yana da kakin da ke daskarewa ya toshe matatar mai, don haka ka sha na hunturu da ake sayarwa a arewa, ko ka zuba maganin hana shi yin kauri tun kafin ya yi. Haɗarin ya fi yawa a dawowa, ranar da za ka shigo sanyi da man da ka sha a kudu. Iskar taya tana sauka da kusan PSI ɗaya a ma'aunin iskar taya duk lokacin da yanayi ya faɗi da digiri 5 zuwa 6, tana kuma hawa in an shiga zafi, sai a riƙa aunawa da safe kafin a motsa. A share dusar ƙanƙarar rufi kafin a hau titi, da ta saman ɗakunan da ke zamowa waje kafin a mayar da su ciki.

Hamada kuma ba ta da amana da dare, Alhaji. A Disamba da Janairu rana za ta sa ka cire riga mai kauri, asuba ta kawo ka kusa da sifiri, wani lokacin ta wuce. Ka sa a duba maka hita kafin tafiya, ka tafi da tukunyar gas a cike.